Bijimina a Layin Likitan Haƙori

Ni da nake gane shekarun saniya daga haƙoranta, me likitan haƙori zai gaya mini? Sai da ya duba dasashina mai zubar jini a Safana, ya ce, "Baba, kana yawan jin ƙishirwa? Fitsari fa?" Aka auna jinina, ashe ciwon suga ne. Mutum ya leƙa baki ya hango ciki!

Washegari na jawo bijimina da ke ramewa tun daga garinmu Babban Duhu, muka shiga layi. Likita ya fito, ya daɗe yana kallonmu, ya ce, "Baba, waye marar lafiyar?"

Ina shan maganina. Amma har yau in na ratsa kasuwa, sai mahauta sun tare ni: "Ya mai jiki? An dai hana shi shayi ko?"