Kwalba Ta Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta watan Agustan 1976 ba, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, a majami'ar ƙauyenmu da ke tafiyar rabin awa a keke daga Kafanchan. Waɗanda ke wurin: Pasto, dattawan ikilisiya su biyar, zumuntar mata kaf da zanensu iri ɗaya, iyayena, sai Mama Saratu mai kunu a bencin baya ita kaɗai. Ni kuma ina tsaye a gaba riƙe da ambulan da ban buɗe ba.

Bari in ɗan koma baya. A lokacin ni sabon duba-gari ne. Kafin a turo ni gida an ba da arona na wata tara ga wani gidan rediyo a Kaduna, ina fassara shirin kiwon lafiya ina karantawa. Wani tsohon edita a can ya koya mini dokoki biyu. Ta farko, idan an kunna maka jar fitila, alamar ana jin ka a rediyo, kada ka yi shiru, ko rufin ɗakin na faɗowa. Ta biyu, kada ka taɓa karanta wa jama'a takardar da ba ka fara dubawa ba. Ta farkon na riƙe ta da kyau.

Na dawo gida da murya. Ko gishiri zan ce a miƙo mini sai na fara da “a halin da ake ciki”. Mutanenmu, da Hausa ta zama musu harshen kasuwa da coci, suka sa mini Mai Rediyo. (Na ɗauka yabo ne. Na shekara guda ina ɗauka yabo ne.)

Da rani na yi wa gidanmu ayyuka biyu don ƙauye ya ga misali. Na sa aka haƙa rijiya, aka ɗaure bakinta da siminti, aka yi mata murfi, da guga nata na kanta da ke rataye a ƙusa. Sannan na gina masai mai rufin kwano da ƙofa da sakata, irinsa na farko a wajenmu. Ranar da na kafa turakun masan, Baba, wato mahaifina Yohanna, ya tsaya yana kallo da fartanya a kafaɗa, ya tambaye ni da yarenmu:

“Masai a tudu, rijiya a gangare?”

“Na auna, Baba. Ƙafa ɗari cif. Haka littafi ya ce.”

“Littafin ya taɓa noma a nan? Ƙarƙashin nan dutse ne, duk ya tsattsage.”

Na yi masa murmushin da ake yi wa mai sauraro idan ya aiko wasiƙa da kuskure. Ya wuce gonar citta.

Damina ta sauka, zawo ya shigo ƙauye. Yara suka fi kwanciya. 'Yar Tabita maƙwabciyarmu sai da aka kai ta asibiti a Kafanchan aka yi mata ƙarin ruwa. Na ga lokacina ya zo. Na nemi Pasto ya ba ni fili lokacin sanarwa, na yi wa ikilisiya bayani. Na ce akwai wani dangin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, mazauninsu hanjin mutum da na dabba, wasu kuma cikin ƙasa. Yawancinsu ba ruwansu da kowa muddin suna inda suke. Amma idan suka biyo bayan gida suka shiga ruwan sha, cikin danginsu akwai masu kawo zawo, da atuni, da zazzaɓin taifot. Har yau ban ga kuskure a wannan bayani ba. Kuskuren yana cikin jimlar da ta biyo baya, inda na ce na san rijiyar da ke kawo mana ciwon.

Ban faɗi suna ba, na dai juya na kalli Mama Saratu.

Rijiyarta tana can saman ƙauye, bayan gonakin citta. Mijinta ne ya haƙa kafin ya rasu. Ba murfi, ba siminti, bakinta itace ne da aka gicciya. Idan an yi ruwa launinta ya koma kamar na kunun da take kai wa tashar jirgi, kuma akwai kwaɗi a ciki, na gan su da idona. Na shawarci kowa ya dawo ɗiba a gidanmu, kyauta. Aka dawo. Mako uku mata suna layi a ƙofarmu, ni ina tsaye ina nuna musu yadda ake rataye guga.

Mama Saratu kuwa aka daina shan kununta. Labari ya kai tasha, leburorin reluwe suka koma shayi. A coci aka bar mata benci guda. Dattawa suka yanke cewa a cike rijiyar. Ta same su ta ce:

“Ni ban yi makaranta ba. Amma yaron Yohanna ya ce akwai inda ake duba ruwa. A duba. A duba nasa ma.”

Na yarda da saurina, don ina son takardar da za ta yabi rijiyata. Na dafa kwalabe biyu, na cika, na jera su cikin ƙanƙara, na bi jirgin safe na kai ɗakin gwaji a Kaduna da kaina. Aka aje magana a kan cewa ranar Litinin bayan zuwan sakamako za a cike rijiyar da aka samu da laifi. Ni na aro shebur huɗu daga ofis, na jingine su a zauren Pasto.

(Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Zawon bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Ni kaina na kwana goma ina zarya zuwa masan nan mai sakata. Na ɗora laifin a kan kunun Mama Saratu, wanda rabona da shi tun Ista.)

Sakamakon ya iso ofis ranar Asabar. Ina da yini guda cur da zan buɗe shi. Ban buɗe ba. Na ga ya fi armashi in yage ambulan a gaban jama'a, in dubi Turancin in zuba shi da Hausa nan take, yadda na ga manyan masu fassara suna yi idan labari ya shigo ana tsakiyar shiri.

To, mun dawo majami'a. An gama karɓar baiko, wato sadakar coci, magatakarda ya sanar da ranar sharar filin coci, Pasto ya kira ni. Na gyara kwalar riga, na yage ambulan, na ce “Jama'a masu sauraro”, wasu 'yan mata suka sunkuyar da kai. Na soma:

“Kwalba ta ɗaya. An samu ƙwayoyin hanji masu yawan gaske a wannan ruwa, abin da ke nuna cewa bayan gida yana malala cikinsa. Bai dace ɗan'adam ya sha ba. Ana ba da shawarar a rufe rijiyar ba tare da ɓata lokaci ba, a kuma binciki masai mafi kusa da ita.”

Fassarar ta yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Na ɗago kai na dubi bencin baya, cikin tausayi. Mata suka juya su ma. Mama Saratu tana zaune ta harɗe hannu.

A nan ne ƙwaƙwalwata ta iso inda bakina ya riga ta. Ni na liƙa lambobin kwalaben. Da na zo liƙawa na ga bai kamata rijiyar zamani ta bi bayan rijiyar kwaɗi ba, sai na ba tawa lamba ɗaya. Kuma babu masai ko ɗaya a kusa da rijiyar Mama Saratu. Duk na ƙauyen suna ƙasa da ita.

Dokar farko ta ce kada a yi shiru, saboda haka na ci gaba, muryar ba ta ko girgiza ba:

“Kwalba ta biyu. Ruwan yana da laka. Ƙwayoyin hanji 'yan kaɗan ne. A yi wa rijiyar murfi, a riƙa tafasa ruwan kafin a sha.”

Sai na ninke takardar na ce, “Ƙarshen sakamakon ke nan.”

Pasto ya ce, “Mun gode, Malam. Kwalba ta ɗaya ta wace rijiya ce?”

Zan so in gaya muku cewa gaskiya ce ta motsa ni. Abin da ya faru shi ne na tsaya ina lissafi: lamba ce kawai, ni kaɗai na liƙa, wa zai sani? Na tuna 'yar Tabita da allurar ƙarin ruwa a hannu, wannan ya taɓa ni. Amma na kuma tuna cewa ɗakin gwajin sun buga sunan kowace rijiya a ƙasan takardar, kuma Pasto, wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Turanci, yana tsaye a kafaɗata tun da na yage ambulan, da tabarau a hanci. Ya riga ya karanta. Tambayar ta jarrabawa ce.

Na ce, “Ta gidanmu ce.”

“Ɗaga murya, Malam, na baya ba su ji ba.”

“Ta gidanmu ce, Baba Pasto.”

Wannan karon ba muryar rediyo ba ce ta fito, wata 'yar siririya ce da na rabu da ita tun ina aji uku. Mata suka fara duban juna, kowacce tana tuna tulu nawa ta ɗiba. Mamata ta ja gyale ta rufe fuska. Baba kuwa ya gyara zama kamar wanda aka kawo wa abincin da ya daɗe yana jira.

Mama Saratu ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta tako daga bencin baya har gaba, ta tsaya tana kallona daga takalmi zuwa kai.

“Ɗana, abin nan da ka ce yana zama a hanjin mutum.”

“I, Mama.”

“Na hanjin wa muka sha sati uku?”

“Ke ba ki sha ba, Mama.”

“Ni ban sha ba. Ina tambaya wa zumunta ne.”

Wani dattijo ya yi tari don ya danne dariya, bai yi nasara ba, daga nan kowa ya saki. Pasto ya ɗaga hannu ya ce a yi waƙar rufewa. Ni ban ji waƙar ba, domin a daidai lokacin cikina ya murɗa, irin murɗawar da ba a yi mata gardama. Na fita ta ƙofar gefe da sauri, ikilisiya duka tana kallona ta taga, kuma kowa ya san inda na nufa da abin da zan je in ƙara wa rijiyar.

Da yamma Baba ya raka ni gidan Mama Saratu, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, da sharaɗin in yi wa rijiyarta murfi irin na tawa, in kuma je tasha in faɗa wa leburori da muryar nan tawa cewa kununta lafiya lau. Ta miƙo mini kofi guda. Na shanye a gabanta. (Da tafasasshen ruwa take damawa tun fil azal. Ban taɓa tambaya ba.)

Abin da na koya bai da yawa. Ruwa mai haske ba shaida ba ne, kuma idan tsoho ya tambaye ka ko littafinka ya taɓa noma a wurin, ka je ka dubi gangaren. Har na yi ritaya ban sake karanta ko katin gayyatar biki a gaban mutane ba sai na fara dubawa a ɓoye, sau biyu.

Ranar Litinin aka cike rijiyata da shebur huɗun da na aro. Kafin ƙarshen Satumba zawon ya lafa. Mamata ta koma ɗiban ruwa a rijiyar Mama Saratu, ni nake ɗauko mata a keke.