Famfon da Ya Yi Aikin Minti Ashirin

Yau da safe santsin ƙanƙara ya kwashe ni a gangaren dutse, ni da bokitaina biyu, kowa ya isa ƙasa ta hanyarsa. Ina zaune cikin laka, bargon da na yafa ya jiƙe sharkaf, ina hango madatsar ruwanmu tana sheƙi, cike taf. Ruwan nan ta ƙarƙashin duwatsu yake bi ya tafi wa maƙwabta, ƙasar da ta kewaye mu ta ko'ina. Mu masu shi kuwa sai mun gangara kwari mun kwarfo da kofi. An ce wannan shi ne tattalin arziki. Ni mai kiwon tumaki, wa ya aike ni gardama?

Kada ku ce an manta da mu. Makon jiya Mai Girma Uban Alkawura ya zo buɗe mana famfo. Motoci goma sha ɗaya suka rako shi har inda hanya ta ƙare, daga nan aka ɗora shi kan doki, ƙarti biyu suna tallafe da shi. Ya yanka ƙyalle, ya murɗa famfo, sai ga ruwa shaa! Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kaina sai da na share ƙwalla.

Maƙwabciyata 'Me Malineo ('Me shi ne uwa a harshenmu), tsohuwa mai ciwon gwiwa, tun ranar da aka sa bikin ta sayar da jakinta na ɗiban ruwa. Ta kama hannun Mai Girma tana ta sa masa albarka, sannan ta ɗingisa gida ɗauko jarka. Kafin ta dawo baƙi sun tafi, famfo ya yi tari biyu ya yi shiru.

Muka bi bututun famfon, ni da ita, har bayan coci. Can muka ga ƙarshensa a cikin ganguna uku da aka jera kan tudu. Ni na cika su da hannuna ana gobe biki, aka ce na wanke hannun baƙi ne.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta kira ni da Ntate, wato baba a harshenmu. "Ntate Sekhonyana, ashe kai ne madatsar?"

"'Me, na rantse yanzu nake sani."

"Har da kukanka! To tunda kai ke ba gari ruwa, jakina ya tafi, gwiwata ba ta gangara. Daga gobe ina jiran rabona a ƙofar gida."

Ban musa ba. Da wane baki?

Jiya kuma saƙo ya iso daga babban birni: aikin ya yi nasara ƙwarai, don haka wata mai zuwa Mai Girma zai dawo buɗe famfo na biyu. An ce mu tanadi ganguna shida, wai ci gaba ya ninka. Saboda haka, jama'a, in kun ji rediyo na shelar ruwa ya wadata a kan tsaunuka, ku taya ƙashin bayana da addu'a.