Kunun Ayana a Kwalaben Kalifoniya

Ba zan taɓa mantawa da azumin 2012 ba, shekarar da kunun ayana ya yi suna a unguwar Abbasiya ta Masar, ni kuma na sha kunya da furfurata.

Lokacin ina gadi a gidan wani Ba'amurke a Ma'adi. Duk mako sai ya fitar da kwalabe shara, korra-korra, masu zanen ganyen inabi a jiki. Ni da na bar boko a aji biyu (malamin ne ya fara gajiya, ba ni ba), ina ganin inabi na ce ai lemo ne. Na dinga kwashewa, in wanke, in ɗura kunu. Har kirari nake musu: "Yalla, kwalbar Amurka, ba robar Masar ba!"

Da ɗaliban ƙasarmu suka shirya buɗa-baki na wata guda, ni suka bai wa aikin kunu. Ranar farko na jera kwalabe a tsakiyar tabarma ina hura hanci. Dab da kiran salla, Ustaz Nura, wanda ya yi boko kafin ya zo karatun addini, ya ɗauki guda yana jujjuyawa.

"Baba, ka san mene ne Shadone?"

"Sunan kamfanin lemon mana."

"Sunan inabi ne, na Kalifoniya." Ya miƙa hannu ga doguwar siririyar da na fi so. "Wannan kuma Rizlin, daga jihar Washintan. Baba, farar giya aka sha a cikinsu."

"Kai, rufa mini baki! Ina ka taɓa ganin giya fara? Ja take."

"To Baba, kai a ina ka ga jar?"

Aka bushe da dariya. Na nemi inda zan sa fuskata na rasa.

Malam Bashir, babbansu, ya gyara zama. "Ya Hajj, sau nawa ka wanke?"

"Sau ɗaya, amma da sabulu."

Shi ke nan, sai muhawara ta ɓarke. Wannan ya ce najasa, wancan ya ce gilashi ba ya shan najasa, wani ya miƙe ɗauko littafi. Jama'a, ladan ya kira salla, mutane goma sha suka sha ruwa da ruwan famfo, kunun da na wuni ina tacewa yana zaune yana tsami!

Sai bayan kwana uku hukunci ya fito: kwalbar gilashi in an wanke ta, ta tsarkaka, kunu halal ne. Suka ce ma'alish, Baba, wato in yi haƙuri. Wane ma'alish? Ai tuni sun miƙa aikin ga wata 'yar Sudan mai zoɓo. Ni abin da na tsira da shi suna ne. Har yau in na shiga jirgin metro sai in ji wani ja'iri yana ƙwala "Baba Shadone!"

Na dai ɗauki darasi. Yanzu duk kwalbar da na tsinta, wanki bakwai nake mata. Amma kafin nan, takardar jikinta nake fara ɓarewa, tun kafin wani Ustaz Nura ya gani.