Allurar Da Ba Ta Motsi

Ko na manta da komai na samartaka, ba zan taɓa mantawa da gejin babur ɗina ba. Shekara biyu ke nan da ba mu jiha, ina koyarwa a wata firamare a Tsafe, na sayi tsohon babur. A ido tsoho ne, amma a zuciyata jirgin sama ne. Ina cikin aji yara na karatu, ni kuwa ina can ina shawagi a kan gonakin dawa, babbar riga na kaɗawa, Saratu ta Bunguɗu na leƙe ta katanga tana murmushi. Abu ɗaya ya rage wa jirgin: agogo mai allura a gabana, irin na matuƙa jirgi.

Na je Sabon Gari wurin Oga Sunday bakanike, ya fito min da gejin zafin baƙin mai guda biyu da ya ciro daga tsofaffin motoci.

"Malam, wannan na lantarki ne, sai batir mai kyau. Wannan kuwa ba ruwansa da batir, siririn bututun nan ne ke kai masa zafi. Amma akwai ruwa a ciki, kada ka yanke, kada ka lanƙwasa."

Batirina ya daɗe da rasuwa, don haka na zaɓi mai bututu. (Rabin bayanin na ji. Lokacin da yake sauran, ina kallon fuskata a gilashin gejin ina gyara hula.)

Ya ɗaura, ya naɗe ragowar bututun a gefen tanki. Da na koma gida sai naɗin ya dame ni, ya yi kama da igiyar guga. Na ɗauko filaya na datse tsakiya, na haɗa bakin biyu na liƙe da salatif, na ja baya ina yaba hikimata. Tun daga ranar allurar ta kwanta a kan sanyi. Na ce lallai injina mai haƙuri ne, har na daina duba mai.

Sai ga mahaifin Saratu, Malam Umaru, manomi marar yawan magana, ya zo taron suna a 'Yandoto, kusa da Tsafe. Bai ce e ba, bai ce a'a ba a kan zancen aurenmu, yana dai nazarina. Na durƙusa na roƙi alfarmar mayar da shi gida.

Tafiya ta yi daɗi. Damina ce, ko'ina kore, har na fara raɗa wa 'ya'yanmu suna a raina. Mun wuce Gusau kaɗan ya taɓa kafaɗata.

"Malam, abin ga na ƙona mini ƙahwa. Tsaya ya huta."

Nan ne na yi abin da har yau ke sa ni rufe ido. Na yi wa surukin gobe musu. "Baba, ai na'ura na nan. Allura ta ce sanyi ƙalau."

Ba mu yi nisa ba injin ya yi wata ƙara, ya cije, hayaƙi ya turnuƙe mu. Malam Umaru ya sauka a hankali, ya sunkuya, ya tofa yawu a jikin injin. Ya yi cau ya bushe nan take. Ya leƙa gejin, allura na nan kwance abinta.

"To, mi tac ce yanzu?"

Na so ƙasa ta tsage. Muka tura babur har Bunguɗu, ni a gaba, dattijo a baya riƙe da takalmansa. Saratu kuwa ta leƙo ta katangar, kamar yadda na yi ta mafarki, sai dai dariya take har da riƙe ciki.

Ya ba ni ita bayan girbi. Ya ce wa kawuna yaron bai da wayo, amma bai bar shi a hanya ba. Yanzu ko mota na shiga, in dattijo ya ce yana jin zafi, tsayawa nake yi, allura ta faɗi abin da ta ga dama.