Rasuwar Beryl, Wadda Ruwan Famfo Ya Kashe a Jindabyne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da har yau ba su gama warwarewa daga sanyi ba, Malam Lindsay Trevaskis na Wollongong, tsohon malamin tarihi wanda abokansa ke kira Farfesa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Beryl. Rai ya yi halinsa da safiyar Asabar da ta wuce, a bakin tafkin Jindabyne, wanda tsohon garin ke kwance a ƙarƙashinsa tun 1967.

An ƙera marigayiya a 1984. Ta fara neman abinci ne da dakon burodi, kuma har ranar da ta ce ga garinku nan, idan rana ta daki bayanta, ƙamshin burodi kan tashi daga cikinta. Farfesa ya saye ta a 1991, ya cire kantocin, ya kafa gadaje huɗu da murhun gas. Daga wannan shekara, babu Agustan da bai same ta a hanyar duwatsu ba, za ta kai su wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, don a ƙasar nan Agusta hunturu ne.

Ya kamata masu gaisuwa su san girman abin da aka rasa. Waɗanda suka fara zamiya a kan dusar ƙanƙara a ƙasar nan ba attajirai ba ne. Masu haƙar zinariya ne a Kiandra, a 1861, mutanen da suka ɗaura katako a ƙafa saboda babu wata hanyar fita. Daga baya wasan ya koma hannun masu hali, har ya zama kwana biyu a otal ɗin kan dutse kan haɗiye fanshon mutum, kofin shayi kuma ya fi tukunyar miya tsada. Beryl ce ta tsaya tsakanin tsofaffi huɗu da wannan tsada. Ita ce motarsu, ita ce masaukinsu, ita ce ɗakin girkinsu. In ban da mai da tikitin hawa dutse, babu abin da suke ciro kuɗi dominsa.

Tana da haƙuri, ba ta da gaggawa. A hawan tudu, manyan motoci kan jeru a bayanta suna danna hon, ita kuwa ko a jikinta. Da safe takan gaida mai gidanta da "ƙirrr, ƙirrr, ƙirrr", ta yi tari, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce "bububum", duk jikinta ya ɗauki rawa. Farfesa ya ce bai taɓa jin waƙar da ta kai wannan daɗi ba.

Ta rasu ta bar mai gidanta da abokan tafiya uku: Gordana Naumovska, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda tukunyar wakenta ke ciyar da su tun daga Juma'a har Lahadi, Vito Zampin, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a masana'antar ƙarfe, da Fergus Ohlsen, wanda iyalai suka yi shawara mai tsawo kafin su yarda a sa sunansa a nan. Ta kuma bar safaya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da sarƙoƙin da ake ɗaura wa taya saboda santsin ƙanƙara, da butar shayi mai lanƙwasasshen baki.

Ga yadda ciwon ajali ya kama ta. Ranar Juma'a, dab da shiga garin Cooma, tiyon lagireto ya fashe, ruwanta ya tsiyaye ƙaf. Vito ya sauya tiyon a bakin hanya. Farfesa ya aiki Fergus gidan mai ya sayo koren ruwan nan da ke hana inji daskarewa, shi kuma ya tafi neman burodi. Fergus ya duba farashi, ya duba famfon da ke jikin bango, ya zaɓi famfo.

"Ruwa ruwa ne, mutumina," in ji shi ga Vito. "Wancan kala kawai suka zuba masa don su cuci baƙi. Tun ina yaro ruwan famfo nake zuba wa mota."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya manta shi ne a bakin teku ya yi yarintarsa, inda ruwa bai taɓa zama dutse ba.

Suka kwana a cikinta a bakin tafki, su cikin barguna, ita cikin sanyin da ya sauka ƙasa da sifili. Ruwan ya daskare a cikinta, ya kumbura, ya tsaga injin. Da gari ya waye Farfesa ya murɗa makulli. Ta ce "ƙirrr" sau ɗaya, ta ƙara da "ƙwas". Ba ta sake cewa komai ba. Bakaniken da ya zo da janwe ya leƙa, ya cire hularsa, ya girgiza kai.

"Kai Fergus," in ji Gordana, ludayi a hannunta, "ko aljanna aka ce da tikiti ake shiga, sai ka zagaya ka nemi inda katanga ta faɗi."

Vito kuwa ya tsaya yana kallon fararen duwatsun da ke gabansu, waɗanda bai kai gare su ba.

A nan ne Farfesa yake roƙon masu karatu su tsaya su saurara, don ba kukan ƙarfe kaɗai yake yi ba. A watan Oktoba za a yi wa Vito aiki a gwiwoyinsa biyu, kuma likita ya gaya masa ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa bayan aikin ya yi sallama da zamiya. Wannan hunturu shi ne na ƙarshe gare shi. Dusar ƙanƙara ba ta jiran kowa: kafin Satumba ya ƙare ta narke ta bi rafi. An tambayi kuɗin otal, an tambayi kuɗin hayar mota, an ajiye waya a hankali. Farfesa, wanda ya shekara arba'in yana koya wa yara yadda dauloli ke faɗuwa, ya zagaye unguwa gida-gida yana neman aro, ya dawo hannu rabbana.

Za a miƙa marigayiya ga 'yan gwangwan na Cooma ranar Laraba. Iyalai ba za su samu halarta ba, saboda wadda za ta kai su ita ce ake binnewa. Zaman makoki kuwa a gidan Gordana ne, daga Alhamis har ranar da dusar ƙanƙara ta narke. Akwai wake.

Ana roƙon kada a kawo furanni. Duk mai ƙaramar bas da mutum huɗu za su iya miƙe ƙafa a cikinta, tsohuwa ko gurguwa, in dai tana hawa tudu, ya kawo makullinta aro na kwana biyu. Za a mayar da ita a wanke, tankinta cike. Fergus ya sayi galan na koren ruwa da kuɗinsa, bai nemi ragi ba, kuma ya yi alkawarin ba zai kusanci bakin inji ba.

Gidan Gordana ba shi da wuyar ganewa. Shi ne wanda wani dattijo ke zaune a ƙofarsa, katakon zamiyarsa a goge, jingine da bango, yana dafa gwiwa yana miƙewa duk lokacin da ya ji ƙarar mota.