Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar Shagon Jaka

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni mai shagon ɗinkin jaka da ke layin bayan kasuwa, a madadin telolinmu da ƙanwata da Baba Mai Babur, ina sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar wayar shagonmu, wadda muka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar wata Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan jinyar sati uku. Shekararta huɗu da wata biyu a hannunmu. A yi mana afuwar jinkirin sanarwa. Wadda ta saba kai mana saƙo ita ce ta kwanta dama.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ita ce idon shagon nan kuma ita ce bakinsa. Kafin zuwanta, jaka muke ɗinkawa mu rataye a ƙusa a bakin ƙofa, mu zuba wa hanya ido. Ƙanwata ce ta matsa mini na saye ta, ta buɗe mana shafi a manhajar nan ta gajerun bidiyo da kowa ya sani. Bidiyon farko ba komai a cikinsa sai hannun Babban Tela yana saka zif. Washegari mutum bakwai suka tambayi farashi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Sau biyu tana faɗowa daga teburin yanka, ta tashi da tsaga a kusurwar hagu, ba ta fasa aiki ba. Ta sha gam, ta sha ƙurar fata, ta yi wuni a tsaye tana kallon keken ɗinki ba ta ce ta gaji ba. Idan ciniki ya shigo sai ta ce ɗin-ɗin, sau biyu a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Da jin haka teloli uku sukan ɗaga ƙafa daga keke lokaci guda su dube ni. A sanadinta mabiyanmu suka kai dubu casa'in. Ni kuwa, don rashin wayo, na ɗauke su dangi.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne ranar da hukuma ta sanar da dakatar da manhajar. Ba zan shiga dalilinsu ba, manya sun san abinsu. Abin da na sani shi ne, da safe ƙanwata ta taɓa shafinmu, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a gilashi, bai tsaya ba har azahar. Daga ranar ɗin-ɗin ya ɗauke. A lokacin mun riga mun yanka jakunkunan makaranta sittin, suna jibge a lungu. Kwana huɗu ba wanda ya leƙo. Babban Tela, mai 'ya'ya shida, ya fara shigowa yana gaishe ni ba ya kallon idona.

Ana cikin haka ƙanin mijina ya bayyana. Wannan bawan Allah ko allura bai taɓa sayarwa ba, amma yana yawo da kati a aljihu an rubuta masanin tallan zamani. Ya zauna a kan kujerata, ya miƙa hannu.

"Matar yaya, ba ni ita nan. Wannan ai ƙaramin alhaki ne. Kafin sati ki ga kin fi da."

Da hannuna na miƙa masa ita. Wannan hannun har yau ina kallonsa da takaici.

Ya fara ɗura mata wata manhaja da ke sa waya ta yi ƙaryar tana wata ƙasa, don ta shiga inda aka hana. Ta shiga ɗin, amma ba kowa a ciki, masu sayenmu duk suna waje. Ya ƙara mata wasu guda huɗu irinta. Ya buɗe mana shafi a wurare bakwai, ya ce duk inda jama'a suka gudu za mu tare su. Sannan ya ce zamani ya wuce nuna zif da ɗinki, yanzu sai da rawa. Ni mai shekara arba'in da bakwai, da ciwon gwiwa, aka ɗora mini jaka a kafaɗa aka ce in karkaɗa. Na karkaɗa. Da aka zo kan Babban Tela sai ya ajiye almakashi ya ce, "Uwar ɗakina, ni ɗinki na zo yi. In rawa ake nema a sallame ni da mutuncina." Mutum goma sha ɗaya suka kalli bidiyon nan. Ɗaya daga cikinsu uwar mijina ce, kuma ba ta ɓoye mini ra'ayinta ba.

Bai tsaya nan ba. Ya kawo mana wata da ya kira tauraruwa, mai farce zaƙo-zaƙo, ta shigo tana toshe hanci wai warin gam. Ta zaɓi jaka uku mafi kyau, ta ce za ta tallata mu. Bayan kwana biyu ƙanwata ta nuna mini hotonta riƙe da jakar da na ɗinka wa hannu da kaina, ta rubuta a ƙasa cewa tsarabar ƙasar waje ce. Shi kuwa masani ya ce in yi murna, ko ba komai an ga jakar. Don ya wanke kansa, ya kwaso mana sababbin mabiya dubu biyar a wuni ɗaya, masu sunayen da ba sa karantuwa, ba fuska ba magana. Ko ɗaya bai taɓa tambayar nawa ne ba.

Duk wannan a kan 'Yar Baƙa yake sauka. Ta fara zazzaɓi, in ka riƙe ta minti biyar sai ka canja hannu. Tallan caca da na maganin ƙiba suka riƙa faɗo mata a fuska ba sallama. Muryarta ta canja, ɗin-ɗin ya koma wani irin gurnani, zzz, zzz, tana zagaya tebur ita kaɗai. Sai ta fara sambatu, tana aika wa mutane saƙo da sunana wai sun ci mota, su latsa nan. Har kawuna, dattijo mai shekara saba'in, ya sa babbar riga ya zo karɓar makullin motarsa. A sati na uku cikinta ya kumbura, bayanta ya ɗaga. Na naɗe ta a ƙyallen shafin jaka na kai wa mai gyara. Ya juya ta, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya yi mata wannan aika-aikar?" Na ce na gida ne. Ya ce ai dama. Ya jona mata waya, ta kawo haske sau ɗaya, fari fat, ta ɗauke. Shi ke nan. Ta tafi da bidiyon shekara huɗu a cikinta.

Sai da na dawo shago na zauna sannan na gane girman wautata. Shekara huɗu ina ciniki da mutane, ban taɓa karɓar lambar mutum ɗaya na rubuta ba. Duk maganarmu a cikin manhaja take. A filin wani na gina ɗakina, har na yi masa fenti. Cikin dubu casa'in ɗin nan masu ce mini uwarmu, masu zuba mini jan zuciya a ƙarƙashin kowane hoto, babu wanda ya tako ya ga ko muna raye. A satin nan ƙaramin telanmu ya naɗe tsumman aikinsa ya koma wani shago. Ban ga laifinsa ba, matarsa na da tsohon ciki.

Baba Mai Babur, dattijon da ke kai mana kaya gidajen mutane tun farko, yana zaune a benci yana jin mu ni da ƙanwata muna ta jimami. Bai taɓa buɗe manhajar ba, wayarsa ma mai maɓalli ce. Can ya ce, "Wai 'yata, me ya ɓata ne?"

Na ce, "Mutanenmu, Baba. Ba mu san inda suke ba."

Ya ce, "Ikon Allah. To ni ina nake kai jakunkunan? Ai ba a dakatar da ƙofar gidan kowa ba."

Kunya ta rufe ni. Washegari ƙanwata ta hau bayan babur da littafi da biro da katin shago. Kwana tara suna zagaye. Baba ba ya tuna suna, amma yana tuna gida mai koren ƙyaure, da benen da ke kallon gidan mai, da matar da kullum sai ta ce a jira ta idar da wanki. Wasu sun tashi, wasu ba su buɗe ba, wani gida kare ya raka su har bakin titi. Amma sun dawo da lamba ɗari biyu da goma sha uku. Wata shugabar makaranta ta riƙe hannun ƙanwata ta ce ta yi ta cigiyarmu, ta zaci mun rufe. Ita ta kwashe jakunkunan nan sittin. Yanzu duk Asabar mukan tura wa mutanen littafin hoto ɗaya da gaisuwa, wanda ya ce a daina a daina. Ciniki bai koma kamar da ba, kada in yi ƙarya a takardar mutuwa. Amma keke biyu suna juyawa, Babban Tela ya koma kallon idona.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da murfin roba wanda ya yi wa kowace waya yawa ko kaɗan, da sandar ɗora waya mai ƙafa uku, da fitilar zagaye wadda yanzu ake zura zare a allura da haskenta. Layinta ya tsira, yana zaman maraici a wayar ƙanwata. Mabiya dubu casa'in, da baƙin nan dubu biyar, ba sa cikin magada.

Za a yi mata sutura ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Mai gyara zai buɗe ta ya cire abin da zai amfani wata wayar, ya tafi da batirin inda ake zubar da irinsa. Sauran za a sa a ambulan a ajiye a aljihun teburin yanka, kusa da tsofaffin almakasai. Za a karɓi gaisuwa a shago, daga bakin wanda ya zo da ƙafarsa. Ba ma karɓar hoton fuska mai hawaye. Ƙanin mijina ya riga ya kawo shawarar a yi bidiyon zaman makokin, wai irinsa na tafiya sosai yanzu. An gaya wa yayansa. Zai iya zuwa a matsayinsa na ɗan uwa, ya zauna daga bakin ƙofa, hannunsa a aljihu.

Akwai benci biyu da ruwan sanyi. Ba za a ɗauki hoto ba, mai ɗaukar ce ta tafi.