Ranar da Na Hau Kan Bikin Rabi

Saura kaɗan a nuno ni a talabijin, ga ni durƙushe gaban bidiyo ina zaro zaren kaset daga bakinshi kamar mai gyaran hanjin kaza. Kaset ɗin da Malam Isiya mai kayan wuta ya ba ni gyara ke nan, wai sabo ne dal, in ɗauki abin da raina ke so. Gwaji guda na yi, injin ya tauna shi ya tofo. Wagga rana, ko tsufa ya kwashe mani komi daga kai, ita dai tana nan daram.

Ga yadda anka yi na kai ga durƙuson. Lokacin jiharmu tana sabuwa, ni ma ina sabuwar shiga boko, da furfurata da komi. Shekara biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu nan Gusau. Ranar da za a ba mu takardar shaida sai ga mutanen gidan talabijin da kyamara. Sunka ce a ba su mai baki guda. Aji duka ya juyo ya dube ni. (Ban ji haushi ba, gaskiya ce.) Anka ɗauke ni ina karatu, anka yi mani tambayoyi, anka ce ranar Talata bayan La'asar za a nuna.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Amma abu guda ya tsaya mani: wai sau ɗaya za a nuna, ya wuce ke nan. Ni da na haura hamsin ban taɓa ganin kaina ina magana ba? Na kama tunkiyata na sayar, na nufi kasuwa sayen bidiyo.

"Inna, na kallo kike so ko mai ɗauka?" in ji Malam Isiya.

"Mai ɗauka. Kuma mai araha, kar ka nuna mani na matan manya."

Ya jawo wani ɗan Kwatano daga ƙarƙashin tebur, ya goge shi da hularshi. Ba rimot, murfin baki kuma sai an danne da babban yatsa. Ya nuna mani jan maɓalli, ya ce shi ke ɗauka. Da ya tsaya nan da yanzu ina da sauran mutunci wurin surukaina na Tsafe. Sai ya ƙara mani ilimi.

"Kin ga ɗan ramin nan na bayan kaset? In a buɗe yake, kaset ba ya karɓar ɗauka. Sai ki liƙe shi da salatif, shi ke nan."

Har salatif ɗin ya ba ni, Allah ya yafe mashi.

To ga Talata ta zo, kaset ɗin gyara ya mutu, ga mai gabatarwa har ya yi sallama. Na waiga ɗaki. Kaset guda ya rage a gidan, na bikin ɗana na fari da matarshi Rabi, wanda anka yi wata biyu da sunka wuce. Dangin amarya can Tsafe sunka ɗauko mai kyamara, kaset kuma ƙwaya ɗaya tak. Yawo yake gida-gida, a kwana biyu nan a miƙa gaba, kuma shekaranjiya ya iso hannuna.

Kar ku ce ban yi tunani ba. Na yi, tunanin ne ma ya kashe ni. Jiya na zauna na kalli bikin ni kaɗai, na ga kamu, na ga rawa, na ga rabon abinci, har inda mata ke wankin tukwane, sai anka ɗauke wuta. Na ce madalla, ai ma an gama, in an kai ga wankin tukwane biki ya watse. Ni uwar ango ce, ɗan fari kuma, ban taka Tsafe ba don kunya, ko ranar da anka kawo amarya, gidan maƙwabta na je na ɓoye. Ina zan san abin da ke gaba? Na ɗaga kaset na leƙa ta 'yar tagar nan, na ga zare da saura mai yawa gefe guda. Na ce to, kamar littafin rubutuna ne, an cika shafukan gaba, na baya farare. Har na yaba wa kaina, na ce kin ga amfanin boko.

Na liƙa salatif, na danne murfi, na danna ja.

Sai ga ni. Ni ce hwa, da kallabina mai ruwan goro, cikin akwati, ina bin layi da yatsa. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗaki. Na fita ba takalmi ina kiran maƙwabta, kafin su zo an wuce ni, munka tsaya tsakar gida ina kwaikwaya masu yadda na yi, har anka kira Magariba. Injin kuwa ba wanda ya ce mashi tsaya. Shina can shina aikinshi har ya gaji ya tofo kaset da kanshi.

Kwana uku ina kallon kaina. In maida baya zuwa tukwane, in kalli kallabina, in kashe, in sake. Ɗoki ya sa na aika wa Hajiya Kuluwa, uwar Rabi, saƙo. Na san mahaifiyarta Inna Dije, can Nahuce, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa bikin jikarta, gidansu kuma ba wuta balle bidiyo. Ita ce ta reni Rabi tun daga yaye, kullum maganarta ɗaya, a nuna mata yarinyar cikin kayan amarci. Na rubuta da hannuna (ai dole a san na iya) na ce a kawo tsohuwa gidana ta kalla, yanzu ina da bidiyo, har da tukwici na musamman a ƙarshe.

Ranar Asabar da hantsi mota ta sauke su. Hajiya Kuluwa, ƙannenta mata, da Inna Dije da anka tallabo. Na dama fura, na shimfiɗa tabarmi. Anka zaunar da tsohuwa daf da talabijin don idonta ya yi rauni. Rabi ta rakuɓe bakin ƙofa da mayafi. Ni kuwa ina gefen injin kamar direba, ba mai taɓa shi sai ni.

Biki ya kama. Hajiya Kuluwa tana yi wa uwarta bayani, wancan wane ne, waccan ɗiyar wance ce. Ana ta dariya, ana nuna wadda ta cika kwano. Da na hango tukwane sai na gyara kallabi (shi ɗin dai na ɗaura), na buɗe baki zan yi sanarwar tukwici. Hajiya Kuluwa ta riga ni.

"Yawwa, Inna, gyara zama. Tukwanen ranar kamu ke nan. Yanzu za a shiga wankan amarya, daga nan sai rakiya. Nan ne Rabi ta yi kyau."

Ranar kamu? Ashe rana ta farko ce kawai na kalla.

Hoto ya yi rawa, ya yi tsaki, sai ga fuskata ta cika akwati tun daga goshi har haɓa.

Inna Dije ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta daɗe tana dubawa.

"Kuluwa, wagga ce Rabin?"

Ta ƙara ƙura ido.

"Wane irin kwalliya anka yi mata haka? Ina haƙoranta na gaba?"

Wata daga cikin ƙannen ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗarta na rawa. Na kai hannu zan kashe, yatsana ya kasa gane maɓalli. Mai tambaya kuwa ya riga ya miƙo mani abin magana a cikin akwatin.

"Hajiya, mene ne abu na farko da kika rubuta da hannunki?"

Kwana uku ina kallon wurin nan, wallahi kallabi nake kallo, ban taɓa sauraron bakina ba. Sai yau. Na ji kaina na ce, "Sunan ɗana na fari," na kuwa faɗe shi ɓaro-ɓaro. Sunan da shekara talatin ban taɓa kamawa ba, ko ranar da ya faɗa rijiya "kai wane" na ce. Mutumin ya ce bai ji ba, na maimaita da ƙarfi. Na ƙara na uku don nishaɗi, har da sunan ubanshi. Gaban surukai. (Ba zan rubuta shi nan ba, sau ɗaya ake wannan wauta.)

Na ce bari in tura gaba, ƙila bikin ya tsira daga can. Na tura, sai ga sanarwar rabon taki. Na ƙara turawa, sai ga wani malamin dabbobi ya matse akuya tsakanin ƙafafu shina yi mata allura, wasu awakin na layi.

"Awakin ga cikin gara suke?" in ji Inna Dije. "Kuluwa, kun yi ƙoƙari."

Nan ɗaki ya fashe. Har Rabi, yarinyar da ban taɓa jin muryarta sama ba, ta kife ƙasa tana riƙe ciki. Hajiya Kuluwa kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta bari anka lafa, ta juyo gare ni a hankali.

"Yaya, ina sauran bikin ɗiyata?"

"Shina ƙarƙashina, Hajiya. Na hau kanshi."

"Duka?"

"Ni da awaki."

Na zayyana mata komi, da salatif, da shafukan farare. Wata ta ce a koma wurin mai kyamara, Hajiya Kuluwa ta girgiza kai, ta ce tuni ta tambaye shi don a yi wa Inna nata, ya ce ya ɗora bikin sunan wasu a kan na wurinshi. Inna Dije, da sai yanzu ta gane, ta jawo sandarta kusa, ta ce a hankali, "To ba zan gan ta ba ke nan." Wannan kalma ta fi mani duka dariyar ciwo.

Ni ce na miƙe. Na ce Rabi, tashi ki je ɗakinki ki sa kayan ranar, duka, har da sarƙa. Ta dube ni, ta dubi uwarta, uwar ta ɗaga mata kai. Anka yi mata kwalliya, anka lulluɓe ta, ƙannen uwarta sunka rako ta daga ƙofar madafa har ɗakina suna waƙa suna tafi. Ni da na ɓoye ranar gaske, ni na yi guɗar. Anka durƙusar da ita gaban kakarta. Tsohuwa ta yaye mayafin da hannunta, ta shafa fuskar, ta shafa leshin, hawaye na zuba tana cewa ai ita ranar nata bikin ta fi haka kyau.

Na ɗauka an yafe mani. Da za su shiga mota Hajiya Kuluwa ta miƙo hannu.

"Ba ni kaset ɗin, Yaya."

"Mi za a yi da shi, Hajiya? Ai ya lalace."

"Akwai gidajen da bai je ba."

Ya kuwa je. Ya je Bilbis, ya je Kekun Waje, an ce har maza ke cewa a tura masu gaba zuwa bayan tukwane. Ni dai tun daga nan, wurin da ban gani da idona fari ne ba, ba na rubutu a kai, kome yawan bokona.

Bayan wata uku na tahi gaisuwar rasuwa Bungudu. Ina tsaye tasha ina neman motar Gusau, wani kwandasta da ban taɓa gani ba ya ƙura mani ido, ya buɗe ƙofar gaba, ya share kujera da hannun riga.

"Bismilla, Amarya. Awakin a baya za a sa su?"